Tsofaffin wasanni a sabuwar na'ura: PS5, Xbox Series ko Switch?

Mai son ya koma wa Sonic da Streets of Rage da Contra da Street Fighter II ba ya buƙatar na'ura mai ƙarfi. Waɗannan wasannin, wayar da ke aljihunsa ma ta fi ƙarfinsu. Abin da yake buƙata shi ne na'urar da za ta yarda ta karɓe su, kuma a nan ne kamfanoni ukun nan, Sony mai PS5 da Microsoft mai Xbox da Nintendo mai Switch, suka sha bamban. Kowannensu yana cewa sabuwar na'urarsa tana karɓar wasannin wadda ta gabace ta, kuma ba ƙarya suke ba. Sai dai abin da kowa yake nufi da maganar daban ne, kuma wanda bai tantance ba kafin ya fitar da kuɗinsa zai iya komawa gida da tulin faya-fayan da ba za su yi masa komai ba.

Bari a fara kawar da abin da ya fi jawo rigima a shagon gem. Babu wata sabuwar na'ura da ke karanta faifan PS2. PS5 ba ta karanta shi, PS4 ma ba ta taɓa karanta shi ba. Wanda burinsa shi ne Winning Eleven ko PES 6 irin na zamanin da ake jeruwa a benci ana jiran layi, to ya riƙe PS2 ɗinsa da kyau, ko ya nemi ta hannu. Wasannin ƙwallo ba sa dawowa cikin kundi, domin lasisin sunayen 'yan wasa da ƙungiyoyi da riguna yana ƙarewa, kuma ba wanda zai sake biya saboda wasan shekara ashirin. Haka nan faifan kwafi, irin wanda yawancinmu muka taso da shi a kan PS2 mai cif, ba ya aiki a ko ɗaya daga cikin na'urorin da za a yi magana a kansu. Duk abin da zan faɗa a ƙasa game da faifai, faifan asali nake nufi.

To me ya rage? Kundaye. Wato faifai ɗaya ko kaset ɗaya da kamfani ya tattara tsofaffin wasanninsa a ciki ya sake sayarwa. An yi irin waɗannan da yawa tsakanin 2015 da yau, kuma mafi yawansu an yi su ne don PS4 da Xbox One da Switch. Mega Man Legacy Collection na 2015 ya haɗa na ɗaya zuwa na shida. Street Fighter 30th Anniversary Collection na 2018 yana da wasanni 12. A shekarar dai aka fitar da Sega Mega Drive Classics mai wasanni sama da 50, da Capcom Beat 'Em Up Bundle mai bakwai, ciki har da Final Fight. Contra da Castlevania kowanne ya sami nasa kundin a 2019, Aladdin da The Lion King ma aka haɗa su wuri guda a shekarar. Duk waɗannan suna tafiya a PS5 da Xbox Series da Switch 2 ta hanyar karɓar tsofaffin wasanni. Har yanzu ma wasu kamfanonin ba sa wahalar da kansu su yi wa sababbin na'urorin nasu na daban. Capcom ta fitar da Marvel vs. Capcom Fighting Collection a 2024 a matsayin wasan PS4, shekara huɗu bayan fitowar PS5, don ta san mai PS5 zai buga shi a haka.

Ke nan idan irin waɗannan kundayen kaɗai kake so, na'urorin uku kusan kunnen doki suka yi. Bambancin yana fitowa ne idan aka tambaya: wace na'ura ce ta fi zurfafawa baya, kuma da wane sharaɗi?

PS5 taki ɗaya take yi baya ta tsaya. Ta fito a Nuwamban 2020, kuma tana buga kusan dukkan wasannin PS4, waɗanda Sony ya ce sun haura 4,000, in ban da 'yan ƙalilan. Dalilin sauƙin abin shi ne injin PS4 da na PS5 'yan gida ɗaya ne, duka kamfanin AMD ne ya ƙera su a kan tsari ɗaya, don haka ba sai an yi dabara mai yawa ba. Ka saka faifan, ta kwafe shi zuwa cikinta, ka buga. Ba dole sai da intanet ba, sai in wasan yana da gyaran da kake so ka sauke. Wannan babban abu ne ga wanda datarsa ƙidayayya ce.

Daga PS3 zuwa baya kuwa ƙofa a rufe take, kuma a nan ne asarar take da ciwo, domin zamanin PS3 ne Sony ya yi kundayensa mafi kyau. God of War Collection na 2009, wanda ya haɗa na ɗaya da na biyu, faifan PS3 ne. Haka kundin Sly na 2010, da na Ico da Shadow of the Colossus na 2011, da na Ratchet & Clank na 2012. Ko ɗaya PS5 ba za ta karanta ba. Laifin na injin PS3 ne, wanda ake kira Cell. Sony da Toshiba da IBM ne suka haɗu suka ƙera shi a kan wani tsari da bai yi kama da na kowa ba, kuma kwaikwayonsa a wata na'ura aiki ne ja. Hanyar da Sony ya bari ita ce a buga wasannin PS3 kai tsaye daga intanet, a babban matakin tsarinsa na biyan kuɗi, PlayStation Plus, matakin da ya ƙaddamar a Yunin 2022. Wannan kuma a wasu ƙasashe kawai ake samunsa, kuma yana son intanet mai gudu wanda ba ya yankewa. Ga mai zaune a Kano ko Maraɗi, a ɗauka babu shi. A matakin dai akwai wasu wasannin PS1 da PS2 da PSP da ake saukewa a buga, amma zaɓin Sony ne, ba naka ba, kuma Najeriya da Nijar ba sa cikin ƙasashen da ya buɗe wa shago a hukumance, sai dai mutum ya buɗe asusun Amurka ko Ingila ya riƙa sayen katin kuɗi.

Abin mamakin shi ne Sony ne ya fi kowa iya wannan a da. PS2 tana buga faifan PS1. PS3 ta farkon fitowa a 2006, mai giga 20 da mai giga 60, an saka mata ainihin injin PS2 a ciki, sai daga baya aka cire don rage tsada. Kuma kowace PS3, har ta ƙarshen, tana karanta faifan PS1. Shi ya sa har gobe ake neman waccan ƙatuwar ta farko, duk da zafin da take ɗauka da yawan mutuwar da take yi.

Xbox ita ce ta fi zurfafawa, kuma ita ce ta fi buƙatar a yi mata bayani dalla-dalla, don a nan mutane suka fi ruɗewa. Microsoft ya sanar da shirin a Yunin 2015, ya fara shi a Nuwamban shekarar da wasannin Xbox 360 guda 104. A Oktoban 2017 ya ƙara da na Xbox ta asali, ya fara da 13. Aka yi ta ƙari har Nuwamban 2021, lokacin da kamfanin ya zuba rukunin ƙarshe ya ce ya kai iyakar abin da lasisi da doka da fasaha za su bari. Jimilla wasannin 360 sun haura 600, na Xbox ta asali kuma sittin da 'yan kai. Duk suna tafiya a Series X da Series S, tare da kusan duk na Xbox One, ban da masu buƙatar Kinect, kyamarar da ke bin motsin jiki. Wato na'ura ɗaya, zamani huɗu.

Ga sharaɗin. Idan ka saka faifan 360 a Series X, ba abin da ke cikin faifan take bugawa ba. Tana duba shi ne ta gane wane wasa ne, sannan ta sauko da wani kwafi da aka shirya musamman daga rumbun Microsoft, haɗe da manhajar da ke kwaikwayon 360. Faifan ya koma kamar tikitin shiga mota: ba shi zai kai ka ba, amma in babu shi ba za ka hau ba. Ma'anar wannan biyu ce. Na farko, kowane faifan 360 sai ka kashe masa data, giga kaɗan ko da yawa, gwargwadon girman wasan. Na biyu, in wasan ba ya cikin jerin da aka amince, faifan ba shi da amfani ko da sabo ne fil a leda. Misali mai zafi shi ne Sega Mega Drive Ultimate Collection na 2009, wanda a Amurka ake kira Sonic's Ultimate Genesis Collection. Kundi ne mai kyau ƙwarai, yana ɗauke da Sonic 3 da Sonic & Knuckles waɗanda Mega Drive Classics na 2018 bai zo da su ba, amma bai shiga jerin ba. Saboda haka kafin ka sayi faifan 360, ka duba sunansa a jerin da ke shafin Xbox. Kar ka dogara da bakin mai shago, shi ma sau da yawa ji ya yi an ce "Xbox tana cin komai".

Amma waɗanda suka shiga jerin sun shiga da ƙafar dama. The Orange Box yana ciki, da Half-Life 2 da Portal ɗinsa. Metal Gear Solid HD Collection yana ciki, alhali kwafinsa na PS3 ya maƙale a can, duk da cewa a gidan PlayStation aka san wasan. GTA IV da Red Dead Redemption na farko suna ciki. Sannan Microsoft ya gyara wa wasu hoto ba tare da an sake sayen su ba: wasu an ɗaga musu tsabtar hoto, wasu an ninka musu santsin motsi, launi ma an ƙara masa haske a talabijin da ke iya nunawa. Akwai kuma Rare Replay na 2015, wanda a ganina har yau ba a yi kundin da ya kai shi daraja a kan kuɗinsa ba. Wasanni 30 ne, daga Jetpac na 1983 zuwa Banjo-Kazooie: Nuts & Bolts na 2008, tara daga ciki wasannin 360 ne da ke tafiya ta wannan hanyar kwaikwayon. A Xbox kaɗai ake samunsa.

Nintendo labarinta gajere ne. Switch ta 2017 ba ta karɓi komai daga baya ba, ba faifan Wii, ba na Wii U, ba kaset ɗin 3DS. Switch 2, wadda ta fito ranar 5 ga Yuni 2025, tana karɓar mafi yawan wasannin Switch, na kaset da na saukewa. Tsofaffin wasannin Nintendo na kanta, na NES da SNES da Game Boy, suna cikin tsarin biyan kuɗi na Nintendo Switch Online, sai a babban mataki a sami na N64 da Game Boy Advance da Mega Drive ta Sega, GameCube kuma sai mai Switch 2. Haya ce, ba saye ba. Ka daina biya, su rufe, kuma ko kana biya sai na'urar ta leƙa intanet aƙalla sau ɗaya a mako. Wanda yake son Mario na da a hannunsa sai ya nemi kaset ɗin Super Mario 3D All-Stars, wanda ya haɗa Mario 64 da Sunshine da Galaxy. Nintendo ta sayar da shi ne daga Satumban 2020 zuwa ƙarshen Maris 2021 ta janye shi da gangan, don haka yanzu sai na hannu.

Wannan janyewar ita ce ta kawo mu ga abin da nake ganin ya fi sunan kamfani muhimmanci: na'urar tana da wurin saka faifai ko ba ta da shi? Kundayen tsofaffin wasanni suna ɓacewa daga shagunan intanet fiye da sauran wasanni, domin kowane wasa a ciki da nasa igiyar lasisin. A Nuwamban 2021 Konami ta cire Metal Gear Solid 2 da 3 daga kasuwa saboda lasisin wasu tsofaffin hotunan tarihi da ke cikinsu ya ƙare. A Disamban 2024 Sega ta cire Mega Drive Classics. Rockstar ta kwashe tsofaffin GTA III da Vice City da San Andreas daga shaguna a 2021 ta maye su da sabon kundin da aka yi ta kuka da shi. Shagon Xbox 360 kansa an rufe shi ranar 29 ga Yuli 2024, ko da yake da yawa daga cikin waɗanda ke cikin jerin ana iya sayen su a sabon shagon. A duk waɗannan, wanda yake da faifai bai rasa komai ba. Wanda ya sayi Series S, ko PS5 marar faifai, ko farar Series X ta 2024 da aka cire wa wurin faifai, shi sai abin da ya tarar a shago ranar da ya je.

Series S tana da jan hankali, ban musa ba. Ta fi Series X da PS5 araha, ƙarama ce, ba ta shan wuta sosai, kuma duk wasan 360 da ke sayuwa a shago tana buga shi. In ka san ba ka da faifai ko ɗaya kuma ba ka da niyyar tarawa, kana da hanyar biyan kuɗi ta intanet, to ba laifi. Amma ga mai neman tsofaffin kundaye, ta rufe masa kasuwar kayan hannu gaba ɗaya, kuma a wajenmu kasuwar nan ita ce rabin harkar. PS5 siririya, ta ƙarshen 2023, ta zo da sassauci: ana iya sayen wurin faifan daban a maƙala mata. Sai dai ranar farko dole a haɗa ta da intanet ta yi rajistarsa. PS5 Pro ma haka take zuwa, ba faifai.

Kaset ɗin Switch ma yana da nasa tarkon. Ba kowane kundi ne yake cike a cikin kaset ba. Mega Man Legacy Collection 1 + 2, alal misali, na farkon ne a kaset, na biyun lambar saukewa ce a takarda, kuma in na hannu ka saya, da wuya ka tarar ba a riga an yi amfani da lambar ba. Metal Gear Solid Master Collection na 2023 a Switch sai an sauke kaso mai yawa kafin a buga manyan wasannin. A Switch 2 kuma an ƙirƙiro wani kaset da babu wasan a cikinsa sam, mabuɗin saukewa ne kawai. Ana rubuta gargaɗin a jikin kwalin, a gaba. A karanta.

Sai maganar hannun gem, wadda ba a cika kawowa ba alhali kuɗi ne. Yawancin waɗannan wasannin na mutum biyu ne ko fiye, daɗinsu a zauna da ƙanne ko abokai. PS5 tana karɓar hannun PS4, amma a wasannin PS4 kawai, kuma tunda kundayen nan kusan duk na PS4 ne, tsohon hannunka ya samu aiki. Series X da S suna karɓar hannun Xbox One a kowane wasa, amma ba sa karɓar na 360. Switch 2 tana karɓar hannayen Switch ba tare da waya ba. Ita Switch ma tun daga kwali da hannu biyu take zuwa, in aka raba na hagu da na dama, duk da cewa ƙanana ne, kuma wanda ya saba murza Hadoken na Street Fighter a babban hannu zai sha wahala da su. Wajen ajiya kuwa, PS5 da Xbox duka suna bari a buga wasannin baya kai tsaye daga faifan ajiya na waje da aka jona ta USB, don haka tsohon da kake da shi ya wadatar.

Wuta fa? A nan Switch ba ta da abokin takara. PS5 da Series X suna iya shan kusan watt 200 a manyan wasanni, ko da yake tsohon wasa ba ya kai su can, ga kuma talabijin. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar ajiye wasa, akwai haɗarin lalacewar abin da aka ajiye. Switch ta farko ko watt 20 ba ta kaiwa, ƙaramar sola ta riƙe ta, kuma in wuta ta tafi sai ka zare ta ka ci gaba a hannu. Wani abin lura: Nintendo da kanta ta ƙiyasta batirin Switch 2 a awa 2 zuwa 6 da rabi, na Switch OLED kuma awa 4 da rabi zuwa 9. Tunda Contra ba ya ƙara kyau don an saka shi a Switch 2, wanda tsofaffin wasanni kawai yake so gara ya sayi tsohuwar Switch ya bar canjin a aljihu. Wannan hujjar ta shafi sauran ma. PS4 ta hannu tana buga duk kundayen PS4, Xbox One ta hannu tana buga jerin 360 ɗin nan kaf. Sabuwar na'ura sai in kana son sababbin wasanni a haɗe.

Akwai abu biyu da za su iya ba ka mamaki ranar farko, kowace ka saya. Ɗaya, wasan zai iya yi maka kamar ya fi yadda ka san shi sauri. Ba kuskure ba ne. Wanda ya taso da Mega Drive ta tsarin Turai, mai bugun 50 a daƙiƙa, ya buga Sonic ne a hankali da kusan kashi 17 cikin ɗari, har kiɗan ma a sanyaye, su kuwa kundayen yawanci na Amurka da Japan suke sakawa, mai bugun 60. Biyu, za ka iya jin kamar hannu yana makara, ka danna tsalle sai an ɗan jima. Wannan yawanci daga talabijin ne, ba daga na'urar ba, domin talabijin na zamani yana tsayawa gyaran hoto kafin ya nuna. Shiga saitinsa ka kunna yanayin wasa, ka kuma bar hoton a faɗinsa na asali da baƙi a gefe da gefe, kar ka ja shi ya cika fuska.

In da ni za a tambaya, ga yadda zan raba. Wanda yake da faya-fayan 360 na asali, ko yake son wasannin shekarun 2001 zuwa 2013 a na'ura ɗaya, kuma zai iya jure saukewar farko, Series X mai faifai ce tasa, ba ta da na biyu a wannan fagen. Wanda abin da yake so bai wuce kundayen Capcom da Sega da Konami ba, yana da hannayen PS4 a gida, kuma abokansa duk 'yan PlayStation ne da za a riƙa musayar faifai, ya ɗauki PS5 mai faifai, ya cire rai da God of War na ɗaya da na biyu sai in ya ajiye PS3 a gefe. Wanda wutar unguwarsu ba ta da tabbas, ko Mario da Zelda ne suka kawo shi, Switch, kuma tsohuwar ma ta isa. Mai shagon gem da yake son ƙara wa yara wani abu ban da ƙwallo, PS4 ta hannu da faifan Street Fighter da na Mega Drive Classics sun fi masa riba a kan duk sababbin nan uku.